Idan wani a cikin labari ya ci mutuncin irinki, laifin wa ne daɗin ya gudu?

Tambayar a taƙaice: wata 'yar uwa ce ta ce tana cikin karanta wani littafin soyayya da ya kama ta sosai har tana raba dare a kansa, sai ta zo inda uwar saurayin ke rantsuwa ɗanta ba zai auri 'yar mahauta ba, ta yi ta zazzaga magana kan masu fawa. Ita kuma mai tambayar sana'ar gidansu ke nan kaka da kakanni. Ta ce tun daga wurin littafin ya fita ranta, ta dai ƙarasa shi amma ba armashi. Tana so ta san ko ita ce mai saurin ɗaukar zafi tunda ai ƙagaggen labari ne, ko kuwa marubuciyar ce ta yi ba daidai ba.

Toh ƙanwata, ni aikina koyar da adabi ne, ina kuma duba wa marubuta rubutunsu kafin su fitar, kuma irin wannan ƙorafin ba baƙo ba ne a wurina. Abu biyu kika haɗa a tambaya ɗaya. Zafin da kika ji daban, laifin marubuciya daban. Zafin kam gaskiya ne kuma ba sai kin nemi izinin kowa kafin ki ji shi ba, wanda ya ce miki "ai labari ne kawai" ki tambaye shi me ya sa shi yake kuka in jarumar da yake so ta mutu, ai ita ma labari ce. Amma ko marubuciyar ta yi laifi, wannan ba a gane shi daga abin da Hajiyar, wato uwar saurayin, ta faɗa, komai muninsa. Ana gane shi ne daga inda littafin kansa ya tsaya lokacin da take faɗa.

A kowane labari akwai bakin tauraro, wato ita Hajiya da ke magana, akwai bakin mai ba da labari, wanda ke ce mana "sai ta miƙe a fusace ta zari mayafinta", sannan akwai wani abu na uku da ba ya magana kai tsaye amma kina jin sa, shi ne hankalin da ya tsara komai, wanda ya zaɓi wa za a nuna mana zuciyarsa, wa za a bari a bakin ƙofa, wa zai yi nasara, da wa za a yi dariya. Wani masanin adabi ɗan Amurka, Wayne Booth, ya yi dogon bayani kan wannan a 1961, ya ce mai karatu yana gina hoton marubuci a ransa daga irin waɗannan zaɓe-zaɓen, ko da bai taɓa ganin marubucin ba. Da wannan na ukun muke ƙulla amana in mun buɗe littafi. Hajiya tana iya faɗin duk abin da ta ga dama amanar ba ta karye ba. Ranar da kika ji shi wancan na ukun yana gyaɗa mata kai, ranar daɗi ke tafiya.

Bari in ƙago miki misali da irin labarin naki, sau biyu. A na farko Hajiya ta ce, "Ko bayan raina ban yafe ba ka kawo min 'yar mahauta, gida duk ya ɗau ƙarni." Magana ce mai ciwo. Sai babi na gaba littafin ya kai mu gidan su yarinyar, mu ga babanta yana fita kwata tun kafin a kira assalatu, mu ga da kuɗin fawar nan ya biya mata makaranta har ta gama, mu ga yadda yake ware tsoka mai kyau ya aika wa maƙwabciyar da mijinta ya rasu, sannan mu ga ita yarinyar, wadda maganar ta riga ta iso kunnenta, ta tsaya a soron gidan su saurayin ta ɗago gefen mayafinta ta shinshina a ɓoye kafin ta yi sallama. Ke da kika fito daga irin gidan za ki ji zafi a nan, ƙila ma ki yi hawaye, amma wallahi ba za ki ji an wulaƙanta ki ba, za ki ji ne wani ya san abin da kika sani.

A na biyu Hajiya ta faɗi maganar nan dai sak, ba ƙari ba ragi. Sai mai ba da labari da bakinsa ya siffanta baban yarinyar da riga duk jini ƙudaje na binsa yana magana yawu na fita, don mu yi dariya. Aka yi ta rikici har babi na ƙarshe, sai ga wata tsohuwa ta zo da wani sirri, ashe yarinyar ba 'yar mahaucin ba ce, tsintar ta ya yi a tasha, ubanta na gaskiya wani hamshaƙin mai kuɗi ne ko ma jinin sarauta, shi ya sa tun farko take da kyau da natsuwa da tsabta. Hajiya ta fashe da kuka ta nemi gafara, aka sha biki. Duk mai karanta littattafanmu ya san wannan juyin, ya cika kasuwa, kuma marubutan da yawa suna ganin ai sun hukunta Hajiya ke nan tunda ta ji kunya. Alhali gaskiya suka ba ta. Ba ta tuba daga ƙin 'yar mahauta ba, an dai nuna mata wannan ba 'yar mahauta ba ce. Littafin ya yarda da ita cewa kyau da tarbiyya ba za su fito daga gidan fawa ba sai dai in tsintuwa aka yi. In irin wannan kika karanta toh hancinki ya jiyo daidai, ba saurin fushi ba ne.

Kuma marubuciyar ba daga sama ta ɗauko ƙyamar ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 kan yadda Hausawa ke jera darajar sana'o'i, mahauta da makaɗa da maroƙa suna can ƙasa. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda haka, kowa ya sani, ana cin tsiren ana ƙin mai tsiren. Don haka marubucin da ya sa wannan maganar a bakin wata Hajiya bai yi ƙarya ba, da ma ya ɓoye ta ne zai zama maƙaryaci.

Akwai wani labari da ya shafe mu kai tsaye. Joyce Cary ɗan Ailan ne da ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Najeriya, har ya zauna Borgu, a 1939 ya fitar da littafinsa Mister Johnson kan wani akawu baƙar fata a wani gari na Arewa. Turawa sun yaba shi matuƙa, mujallar Time ma a 1952 ta ce ba a taɓa rubuta littafi kan Afirka da ya kai shi ba. Aka kawo shi aji a kwalejin jami'a ta Ibadan lokacin Chinua Achebe yana ɗalibi, malaminsu Bature yana tsammanin za su ji daɗi tunda a ƙasarsu aka gina labarin. Achebe ya ba da labarin cewa wani ɗan ajinsu ya miƙe ya ce shi wuri ɗaya kawai ya ji daɗi a duk littafin, inda Baturen da akawun, wato Johnson, ke yi wa aiki ya harbe shi. Ki lura fa, a cikin littafin akwai wani Bature mai kanti da ke zagin baƙar fata ƙiri-ƙiri, amma ba shi ne ya fi ƙona wa ɗaliban rai ba, kowa ya san akwai irinsa. Abin da ya ɓata musu shi ne shi Johnson ɗin da aka ce ɗan ƙasarsu ne, an yi shi kamar babban yaro mai washe baki yana bautar Bature, da yadda mai ba da labarin da kansa ke siffanta mutanen garin. Daga baya a 1975 Achebe ya yi lacca a jami'ar Massachusetts kan littafin Joseph Conrad, Heart of Darkness, ya kira Conrad mai wariyar launin fata. Masu kare Conrad suna cewa ai ba shi ke magana ba, tauraronsa Marlow ne. Achebe ya ce toh ina wata mahangar da littafin ya ba mu da za mu tsaya a kai mu auna Marlow? Babu. 'Yan Afirkan da ke ciki da ƙyar aka bar su suka furta jimla biyu, sauran duk gurnani ne da ihu a bakin kogi. Har yau ana jayayya kan hukuncin nasa, ni dai ma'aunin da ya kawo shi nake amfani da shi: wanda aka zaga, an ba shi baki? An shiga zuciyarsa? Ko an kawo shi ne kawai don a samu abin zagi?

Me ya sa abin ke kashe daɗi har haka kuwa, alhali muna haɗiye ƙarairayin da suka fi wannan girma? A labari a ce miki aljani ya ɗauki mutum daga Kano ya dire shi bayan duniya cikin dare ɗaya, ba ki musu, kin yarda an wuce wurin. Amma a ce miki ki yarda 'yar wanzami ba ta kai a aure ta ba, ki yarda da zuciyarki har ki taya murna, sai ki ji ranki ya tirje. David Hume ya lura da wannan tun 1757, ya ce mai karatu yana iya yafe wa mutanen da kurakuransu na fahimtar duniya ba tare da daɗin ya ragu sosai ba, amma in aka kawo mugun hali ba tare da wata alamar cewa mugu ne ba, toh rubutun ya samu tabo, don ba ma iya tilasta wa zuciya ta shiga irin wannan ji. Daɗin karatu nutsewa ne, ki manta da kanki ki manta akwai wata marubuciya zaune da waya tana dannawa. Maganar ƙyamar da littafi ya goyi bayanta kamar tsakuwa ce a shinkafa, da kin tauna ɗaya sauran lomar duk a tsorace za ki yi ta, kina taunawa kina jira. Kin daina bin labari kin koma gadin kanki, kuma mai gadi ba ya nutsewa.

Sai dai ba kowa ke tauna tsakuwar ba, nan ne abin ya ɗan rikice. A 1971 aka fara wani wasan barkwanci a talabijin ɗin Amurka, All in the Family, babban tauraronsa Archie Bunker, wani magidanci mai ƙyamar baƙaƙe da Yahudawa da duk wanda ba irinsa ba. Wanda ya shirya shi, Norman Lear, niyyarsa a yi wa irin su Archie dariya har su ji kunya. A 1974 wasu masu bincike biyu, Neil Vidmar da Milton Rokeach, suka tambayi masu kallo a Amurka da Kanada, sai suka tarar kusan kowa na jin daɗin wasan amma ba abu ɗaya suke kallo ba. Waɗanda ba su da ƙyamar sosai suna ganin ana tona asirin wautarsa ne, masu ƙyamar kuwa sun fi karkata ga ganin Archie mutum ne mai faɗin gaskiya ba tsoro. Wasa ɗaya, dariya iri biyu. Don haka ko marubuciyarki ta yi komai daidai, akwai mai karatun da zai karanta zagin Hajiya ya ce "wallahi gaskiyarta, nima ba zan yarda ba", kuma ke kin san da irinsa, ƙila ma kin taɓa zama aji ɗaya da shi, wannan sanin kaɗai ya isa ya rage miki daɗi. Mu ma ai mun san abin ta ɗaya ɓangaren, duk Bahaushen da ya kalli finafinan kudu ya ga "aboki" mai gadi da ba ya gane komai sai washe haƙora da goro, ya san yadda ake ji in ɗaki ya ɗau dariya kai kaɗai ka yi shiru. Mu kuma mu juya mu yi wa baƙauye da Bafulatanin daji da Bamaguje irinta a namu, ba ma ko jin komai.

Wani zai ce ai mu da wasa tsakanin ƙabilu mun saba, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, a Nijar ma UNESCO ta sa wannan al'adar cikin kayan gadon duniya a 2014. Haka ne, amma wasan taubasai yana da sharaɗi, kowa yana da bakin ramawa, kuma yau kai ne bawa gobe ni ne. In Babarbare ya tsokani Bafulatani a labari shi ma ya mayar masa, ba wanda zai ajiye littafi. Matsala tana farawa ne in ɗaya ne kullum ke magana ɗayan kuma an ɗaure masa baki, kuma abin da ake tsokanarsa da shi abu ne da ke hana shi aure ko aiki ko haya a zahiri.

Har littafin da ya tsaya a inda ya dace yana iya ciwo. Littafin Mark Twain kan yaron nan Huckleberry Finn, wanda ya fito a Amurka a 1885, ya ƙunshi kalmar nan ta zagin baƙar fata sama da sau 200. Amma duk ginin labarin kan yadda yaron da ya tashi cikin masu ƙyamar baƙaƙe ya gane cewa Jim, bawan da ya gudu, mutum ne, har ya zaɓi ya taimake shi duk da an koya masa cewa yin hakan zunubi ne mai kai mutum wuta. Duk da haka iyaye baƙaƙe sun daɗe suna ƙorafi a makarantu, don yaronsu ne zai zauna cikin aji ana karanta kalmar da ƙarfi ana waigensa. A 2011 wani kamfani ya buga shi ya cire kalmar ya sa "bawa" a madadinta, aka yi ta cece-kuce. Ni ban goyi bayan gyaran ba, in ka wanke bakin mutanen wancan zamanin ka yi musu alfarmar da ba su cancanta ba, kuma yaron da zai karanta ba zai gane girman abin da Huck ya tsallake ba. Amma ban taɓa ganin laifin wanda ya ce shi ba zai iya karantawa ba. Littafi ya yi kyau daban, ya yi miki daɗi daban, kuma ba ki ci bashin kowane littafi ba.

Abin da ya fi damuna a rubutun da ake kawo min in duba ma ba maganganun mugaye ba ne, su ai a fili suke. Wanda ke bakin mai ba da labari ne, wanda marubuciyar ba ta ma san ta yi ba. Jaruma kullum fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, sai an ce kamar Balarabiya ko ruwa biyu, kishiya ko 'yar aiki kuwa baƙa wuluk gajera mai ƙaton hanci, tun kafin ta buɗe baki an gaya miki muguwa ce. Yarinya baƙa da ke karantawa ba wanda ya zage ta kai tsaye, amma littafi bayan littafi ana nuna mata a wane layi take. Haka nan hukuncin ƙarshe, muguwa sai ta yi hatsari an yanke ƙafa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ta haukace, ko ta ƙare ba haihuwa, wai alhaki ne ya kama ta. Toh mai karatun da ke kan keken guragu tun yarinta, ko matar da ta shekara goma tana neman haihuwa, me aka ce musu ke nan? An ce musu rayuwarsu ita ce azabar da ake tanadar wa azzalumai. In na nuna wa marubuta wannan yawanci shiru suke yi, don ba da niyya ba ne, gado ne kawai aka ɗauka ba a duba ba.

Kar kuma a fahimce ni a koma rubuta mutanen da ba sa faɗin komai sai alheri, wannan ma kashe daɗi ne, labari ya koma wa'azi kowa na magana kamar an ba shi takarda. Uwar miji mai ƙyamar talaka, ɗan boko mai raina wadda ba ta yi makaranta ba, dattijon kirki mai sallar dare wanda duk da haka ba zai ba jikan bayi 'yarsa ba, duk suna nan cikinmu, kuma wannan dattijon ya fi mugu tsantsa amfani a labari don shi ne ke sa mai karatu ya tuna da kawunsa. Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta na 1990 suna Wa Zai Auri Jahila?, sunan kansa maganar raini ce irin wadda ake jefa wa yarinyar da aka cire daga makaranta, amma littafin gaba ɗaya yana tare da yarinyar, ana bin ta cikin auren dole da gudu da komawa karatu har ta tsaya da ƙafarta. Ba a sauya mata asali don ta cancanci mutunci ba. Kuma ba dole ne sai an hukunta mai ƙyama a ƙarshe ba, Hajiya tana iya mutuwa da ra'ayinta ba ta tuba ba, a zahiri ma haka aka fi yi, in dai littafin ya bar mu mun ga abin da maganarta ta jawo wa wani.

Don haka ki koma littafin naki ki duba abu kaɗan. Bayan Hajiya ta gama zaginta, an kai ki gidan su yarinyar kin zauna da su a matsayin mutane, ko daga nesa aka nuna miki su? Mai ba da labari da bakinsa yaya yake siffanta babanta? Sannan a ƙarshe tana nan a 'yar mahautanta aka aure ta ko aka rasa ta, ko sai da aka nemo mata wani uban? In kin ga littafin yana tare da ita, toh ciwon da kika ji na duniya ne ba na marubuciyar ba, kina iya ba shi lokaci ki sake gwadawa ko ki bar shi, duk daidai ne. In kuwa kin ga an canza mata uba, ki rubuta wa marubuciyar cikin mutunci, yawancinsu yanzu suna karanta saƙon masu karatu a WhatsApp da Wattpad, kar ki ce mata ta zagi mahauta don za ta ce ba ita ba ce Hajiya ce, kuma ta yi gaskiya. Ki tambaye ta me ya sa yarinyar ba za ta iya zama 'yar mahaucin ba har shafin ƙarshe.